Babi na Bakwai: Rubuta Takardar Bashi

Darasi na 1: Kayan aiki

Ƴan'uwa, ku ɗauko farar takarda wadda ba a taɓa rubutu a bayanta ba, da biro shuɗi ko baƙi. Ban da fensir, domin ana goge shi. Mai cin bashi da mai bayarwa kowa ya zo da katinsa na ɗan ƙasa, a kuma kira shaidu biyu.

Kada kunya ta hana ku. Ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, ita ta ce a rubuta bashi, kuma wanda bashin ke kansa shi ne zai faɗa a rubuta.

Darasi na 2: Sunaye

Fara daga sama, hannun hagu:

"Ni, ........, ɗan ........, mazaunin unguwar ........ a Tawa, mai kati lamba ........, na yarda na karɓi bashi daga hannun ........"

Mace ta sa "ƴar" da "mazauniyar". Inda aka jera ɗigogi, wurin cikewa ne, ba a kwafe su. Suna kuwa a rubuta shi yadda yake a kati, harafi bayan harafi. "Alhaji mai albasa" ba suna ba ne, su nawa ne a kasuwar Tawa?

Darasi na 3: Kuɗin

A nan kusan kowa ke tuntuɓe, sai mu bi a hankali. A kasuwa a nan Nijar da dala muke ƙirga, takarda kuma da tamma take ƙirga, wato faran na sefa, da ake rubutawa F. Dala ɗaya tamma 5 ce. Dala ɗari 500 F ke nan. Jika ɗaya 1000 F ce, wato dala ɗari biyu.

Inna, a ce kin ranta wa maƙwabciyarki dala dubu biyu. Kin ji "dubu biyu", hannunki ya rubuta 2000. Tsaya. Dala dubu biyu sau biyar, 10.000 F ne, jika goma. Idan kika bar 2000 a takardar, jika takwas sun tafi, kuma da hannunki kika sallame su.

Mu sake. Dala dubu: sau biyar, 5000 F. Dala dubu huɗu: sau biyar, 20.000 F. Madalla, yana zuwa. Wanda bai samu ba kada ya damu, ya ɗauko tsakuwa ya jera biyar biyar.

Yanzu sifiri. Ɗora yatsa a kan kowane ɗaya ka ƙirga da ƙarfi. Jika biyar, 5000, sifiri uku. Jika hamsin, 50.000, sifiri huɗu. Jika ɗari biyar, 500.000, sifiri biyar. Ɗigon da ke tsakiya ba sifiri ba ne, yana raba lambobin ne kawai don ido ya huta.

Sannan a rubuta kuɗin sau biyu, da lamba da kuma haruffa, kamar haka: "50.000F CFA, tamma dubu hamsin, wato jika hamsin." Lamba ita kaɗai, kowa na iya ƙara mata sifiri a gefe. Haruffa ba su ƙaruwa cikin sauƙi. Mai cin bashin shi ya kamata ya rubuta wannan layi da hannunsa, kuma kada a bar fili tsakanin lambar da harafin F.

Mu sake kuma. Dala sau biyar. Ƙirga sifiri da yatsa. Lamba, sannan haruffa. A karanta wa shaidu da ƙarfi.

Haba jama'a! Har yanzu ina ganin allunan da aka rubuta dala a wurin tamma. Baba, kai da ke lissafin buhu ɗari na albasar Galmi a ka, sau biyar ne zai gagare ka? Gaggawa ce kawai. Wanda ya tsallake haruffa don hannunsa ya gaji, ranar da aka je gaban alƙali zai tuna da wannan aji. Goge, a sake.

Darasi na 4: Rana da sa hannu

Kada a rubuta "in an sayar da albasa" ko "in na dawo daga Abijan". A sa rana da wata da shekara. A ƙasa a sa ranar da aka yi takardar, mai cin bashi ya sa hannu, shaidu su biyo da sunayensu. Ana iya kai ta ma'aikatar magajin gari a buga hatimi. Ta asali tana hannun mai kuɗi, mai cin bashi ya riƙe kwafi.

Wanda zai tsaya wa wani lamuni, in bai iya rubutu ba, dokar OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta wasu ƙasashen Afirka, ta ce sai da shaidu biyu da za su tabbatar an yi masa bayanin nauyin da ya ɗauka.

Darasi na 5: Biya da sassauci

Duk abin da aka biya a rubuta a bayan takardar, da rana, da lamba da haruffa, a tamma. Aya ta 280 ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, yafewa kuma ya fi alheri. In an ƙara lokaci ko an yafe wani kaso, shi ma a rubuta, saboda magada. Ka gama biya, ka karɓi takardarka.

Darasi na 6: In an ƙi biya

Ba ka da ikon shiga gidan mutum ka kwance akuya ko ka ja babur. A fara da mai unguwa. In sulhu ya ƙi, sai kotu. Nijar na cikin ƙasashe 17 na OHADA, kuma dokar ƙungiyar ta ba alƙali damar ba da umarnin biya idan kuɗin sananne ne kuma lokacinsa ya cika. Wanda aka kawo wa wannan umarni, kwanakin ƙorafi kaɗan ne, ya nemi mai karanta masa a ranar.

Aikin gida

Rubuta dala dubu shida a tamma, da lamba da haruffa.