Kurakuran da ke sa teloli su gudu su bar sabon mai shago

Duk shekara, da an wuce tsakiyar azumi, sai wani sabon mai shagon ɗinki ya zo mini yana huci: "Alhaji, yaran yanzu ba su da amana, telana ya koma shagon wane." In na zaunar da shi na yi masa tambaya biyu uku, sai in tarar labarinsa ɗaya da na wanda ya zo bara. Na gaji da maimaita magana, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babban kuskuren, wanda ni kaina ya taɓa kai ni ƙasa, shi ne yi wa ma'aikaci faɗa a gaban mai kaya. Na taɓa samun wani mai yanka da ya shekara shida a wajena, in ya ɗora almakashi a kan shadda ba ya sake awo. Ana saura kwana tara ƙaramar Sallah ya yanka hannun kaftanin wani bawan Allah, ya gaza da kusan inci biyu. Mai kayan na tsaye, yara masu guga na kallo, na buɗe baki na gaya masa maganar da har yau nake jin nauyinta. Bai tanka ba. Ya ƙarasa aikin ranar, ya naɗe tef ɗinsa ya sa a aljihu, washegari ban gan shi ba. Sai bayan Sallah na ji ashe kwana huɗu ya yi yana kwana a kan tabarma a barandar asibiti, haihuwa ta zo wa matarsa da gardama, daga can yake wucewa shago da asuba. Kowa a shagon ya sani sai ni, domin ban taɓa sakar masa fuskar da zai iya gaya mini ba. Shaddar a rana ɗaya na biya ta. Shi kuwa sai da na shekara biyu ina horar da wani kafin ya kama ƙafarsa, kuma masu kawo ɗinki da yawa sun bi shi.

Tun daga nan, in aiki ya ɓaci ni nake ba mai kaya haƙuri da bakina, in ce laifin shago ne. Sai bayan la'asar in ja telan waje, kuma kafin in ambaci rigar sai na ce masa, "Lafiya kuwa? Ya mutanen gida?" Sau da yawa amsar nan kaɗai take bayyana mini inda inci biyun suka tafi.

Ku da kuke ganin tsawa ce ke tafiyar da aiki, ku dubi hannun yaron da kuka gama zagi. Rawa yake yi, ɗinkin da zai biyo baya ma karkacewa zai yi. Gobe in ya ɓata wuyan riga ɓoyewa zai yi a ƙarƙashin tebur har ranar da mai ita zai zo karɓa. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma, ya ce bai taɓa ce masa ko da "tir" ba. Kai wane ne da za ka kira ɗan mutane jaki saboda maɓalli?

Na biyu shi ne kwaɗayin ɗinkin Sallah. Ka karɓi aikin da ya fi ƙarfin kekunanka, ka bar yara suna kwana cikin hayaƙin janareto da azumi a bakinsu, kai kuma ka tafi gida bayan tarawih. Wallahi suna lissafi, ko ba su faɗa ba. Ni goma ga azumi nake rufe karɓar aiki, ko wa ya kawo. Abokan sana'a da dama suna ce mini asara nake, ban damu ba. Kunu da ƙosai na buɗa-baki daga gidana ake kawowa, faranti ɗaya muke sa hannu, kuma in za a kwana, da ni za a kwana. Gajiyar da aka sha tare da maigida ba ta zama ƙulli a zuciya.

Maganar kuɗi ma kada a yi wasa da ita. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin Adaidaita kaɗai yana cin rabo mai tsoka daga abin da yaro ke samu. A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, sai ka ji mai shago yana murna wai dokar ba ta hau kansa ba tunda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. To buhun shinkafa bai san wannan ba. Ni kuɗin mota daban nake bayarwa, ladan aiki kuma kowace Alhamis da yamma, ba na cewa "sai mai kaya ya biya".

Kada ka fifita ɗan yayarka a kan wanda ya fi shi hannu. Kada ka saurari mai kawo maka gulmar 'yan uwansa, domin ranar da suka gane, shagon ya rabu biyu. Suna, dubiya da ta'aziyya ka je da ƙafarka, saƙon WhatsApp ba ya isarwa.

Sai masu ɓoye wa yaro yanka don kada ya ƙware ya tafi. Zai tafi ɗin, kuma da haushinka. Ni tun ranar da uba ya kawo mini ɗansa nake faɗa a gabansu cewa in ya iya zan yaye shi da keke da almakashi. Cikin waɗanda na yaye akwai mai shago yanzu a Fagge, bara da aiki ya sha kaina ana jibi Sallah shi ya turo mini yaransa biyu suka kwana suna yi mini wuyan riguna.