Kafin ka ƙulla tirelar kwana a bayan motar gida

Wani maƙwabcina a Unguwar Rimi, Kaduna, ya samo irin ƙaramar tirelar nan mai ɗaki a ciki, gado da ɗan kicin, wai zai ja ta da Sienna ɗinshi ya kai iyali Yankari hutun ƙarshen shekara. Tambayar da ya yi min ɗaya ce, "Maƙwabci, injin zai ja kuwa?" Na ce ja kam zai ja, ai ko Keke Napep ka ƙulla mata abu za ta motsa da shi, abin dubawa shi ne birki zai tsaida ku in akuya ta faɗo titi, kuma giya za ta jure zafin tafiyar awa shida ko bakwai.

Fara da takarda tukunna. Kowace mota kamfani ya rubuta iyakar nauyin da za ta ja, yana cikin littafinta, in kuma 'yar Kwatano ce ba littafi ka nema a intanet da shekararta da girman injin. Sienna mai V6 fam 3,500 ne, wajen kilo 1,580 kenan, shi ma sai wadda aka haɗo da kayan ja tun daga kamfani. Corolla irin ta 2003 zuwa 2008 fam 1,500 ne, kilo 680 kacal. Toh amma wannan lissafin sabuwar mota ne mai lafiya, ba wadda ta sha ramukan hanyar Kachia shekara goma ba, ni dai shawarata kar ka wuce kashi 80 cikin 100 na abin da aka rubuta.

Inda mutane ke ruftawa shi ne nauyin da mai sayarwa ya faɗa maka na tirelar ba komai a ciki ne. Ka zuba jarka biyar ta ruwa mai lita 20, kilo 100 ya hau, ga janareta ga tukunyar gas ga buhun shinkafa ga kulolin hajiya. In da hali ka loda ta tsaf kamar ranar tafiya ka kai sikelin manyan motoci a auna.

Sannan buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai sitika mai nuna iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka. Bakin tirelar da ke danne ƙugiyar shi ma a nan ake lissafa shi, kuma ya kamata ya zama kashi 10 zuwa 15 na nauyinta, tirela mai kilo 1,000 za ta ɗora wa bayan motar kilo 100 zuwa 150, kaga kamar ka ƙara manya biyu ne a but. In ka ƙulla ka ga baya ya zauna gaba ya ɗaga kai sama, sitiyari ya yi sakayau, ka rage kaya. In kuma kayan sun taru a can ƙarshen tirelar ta rinƙa kaɗa wutsiya kenan a kan titi, shi ya sa masu nauyi ake sa su ƙasa, a kan tayoyi ko ɗan gaba da su. Ta fara kaɗawa kar ka danne birki da ƙarfi, ɗage ƙafa daga totur ka riƙe sitiyari a miƙe har ta nutsu.

Maganar ƙugiya kuwa, dan Allah ba a jikin bamba ake walda ta ba. Masu walda a Panteka gwanaye ne wallahi, amma a jikin shasi ake ɗaure ta da kusoshi, da sarƙa biyu a gicciye a ƙasa ko da ta kuɓuce. A Turai tirelar da ta wuce kilo 750 dole sai da birkinta, ka ɗauki wannan ma'aunin. Fitilun baya da na sigina su yi aiki, 'yan Road Safety ma ba za su ƙyale ka ba.

Ka je wajen bakanike ya duba lagireto da fanka da man giya, in otomatik ce a ƙara mata ƙaramin lagireton man giya, don zafi ne ke kashe ta. Tayoyi har na tirelar ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a jiki, 2318 na nufin an ƙera ta a mako na 23 a 2018, ta tsufa ko da zanenta bai ci ba.

Hanya ma a duba. Kaduna zuwa Zariya shimfiɗe take, amma Jos tana sama da mita 1,200, in ta Kafanchan ka bi ga Hawan Kibo na jiranka. A hawa sa ƙaramar giya idonka na kan allurar zafi, a gangara ma ƙaramar giya, kar ka kwanta kan birki ya yi zafi ya daina kamawa.

Maƙwabcin nawa dai na ce ranar Asabar ya loda komai ya je Jaji ya dawo, ya tsaya a hanya ya taɓa tsakiyar tayoyin tirelar da bayan hannu, in ya ji zafin da hannu ba ya iya tsayawa a canza boris kafin a yi zancen Yankari.