In za ku Yankari, kada ku tsaya a ruwan Wikki kaɗai

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu shirin zuwa gandun namun daji na Yankari a jihar Bauchi, ga 'yar shawara. Yawancinmu da mun shiga ruwan ɗumin Wikki, mun ji daɗin ɗuminsa da ba ya canzawa daga kusan digiri 31 rani da damina, shi ke nan sai a juyo gida. Wallahi an bar baya da ƙura.

Ku roƙi ɗan jagora ya kai ku Kogunan Marshall. Ɗakuna ne 59 da mutanen zamanin dā suka sassaƙa a jikin dutsen yashi, ƙofofinsu ƙanana, sai ka durƙusa kafin ka leƙa. Ciki duhu da sanyi, ga warin jemage. Ku riƙe tocila, hasken waya ba ya wadatarwa, kuma kada kowa ya zura hannu a rami. A sa takalmi sau-ciki, silifa ba ta hawan wurin. Don Allah a daina kankara suna a bango, abin yana ci min rai.

Ku tafi da rani, daga Janairu zuwa Afrilu. Ciyawa ta bushe, hanya ta buɗe, dabbobi na taruwa a bakin kogin Gaji. A fita da sassafe da isasshen ruwan sha.

Sai birai. A kan idona wani ƙato ya zura hannu ta tagar motarmu ya sure ledar burodi. Ku rufe gilashi, ku kulle ɗaki, kada yaro ya riƙe abinci a fili.