Ga masu ƙungiyar unguwa da ke neman tallafi

'Yan'uwa, kafin ku rubuta takardar neman tallafi, ku yi wa ƙungiyarku rajista da CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi), ku karɓi takardar shaida ta SCUML (sashen EFCC mai hana halasta kuɗin haram), sannan ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, ba na shugaba ba. A nan da yawa ke tuntuɓe.

Ofishin jakadancin Japan da ke Abuja yana da shirin tallafa wa ƙananan ayyukan al'umma da ake kira GGP, mai ba da kuɗin gina ajujuwa, asibitin sha-ka-tafi ko rijiyar burtsatse. Ba ya biyan albashi. Idan za ku nemi wannan tallafi, ku tsaya kan aiki guda, ku kawo ƙiyasin kuɗi daga 'yan kwangila uku da shaidar mallakar filin. Don Allah ku fayyace wa zai kula da ginin bayan an gama, don sai sun tambaya.