Yadda nake kai shayina ɗakin gwaji kafin ya shiga kasuwa

Samfurin farko da na kai gwaji faɗuwa ya yi. Shayin zogale ne da citta da kanumfari, wanda nake haɗawa a ɗakin baya na gidanmu a unguwar Nima ta Accra, kuma duk wanda ya sha a layinmu sai ya yaba. Takardar sakamako ta ce fumfuna ta wuce ƙima. Na ce wa ma'aikacin ni da hannuna na wanke ganyen nan. Ya ce, "Hajiya, ban yi musu ba. Wane wata kika shanya?" Na ce Yuni. Ya gyaɗa kai kawai. A Yuni ruwan sama ya fi ƙarfi a Accra, ga laimar teku, ganye sai ya bushe a ido alhali cikinsa da sauran danshi.

Don haka 'yar uwa, shirin gwaji daga shanya yake farawa. Yanzu a kan raga nake bazawa, nesa da ƙasa, a inuwa mai iska, in rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙurar hunturu. Ganyen zogale in ya bushe da gaske, kina murza shi a tafin hannu zai yi ƙaras ya zama gari. Citta kuwa ki karya ta: in ta karye ƙas, ta yi, in ta lanƙwashe, mayar da ita. Ki duba cikin ɓarin, ki sunsuna. In na je sayayya kasuwar Nima ranar Laraba, ba na ɗaukar buhu sai na zura hannu har gindinsa.

Sai ɗibar samfur, inda na ga mutane da yawa suna cutar kansu. Kada ki tsince mafi kyau ki kai. Ɗakin gwaji abin da kika ba shi kaɗai zai yi wa shaida, in kin kai zaɓaɓɓe, takardar ba ta ce komai ba game da abin da yaran mutane za su sha. Ki ɗiba daga sama, tsakiya da ƙasan kowane buhu da cokali mai tsabta, ki gauraya a faranti, ki raba huɗu, ki ɗauki kashi biyu masu fuskantar juna, ki sake gaurayawa har ya kai yawan da suka nema. Wannan wahalar saboda gubar afulatoksin ce, wadda wata irin fumfuna ke haifarwa a kayan da aka adana da danshi. Ba ta bazuwa daidai a cikin buhu. Ɓarin citta ɗaya zai iya ɗauke da ita sauran lafiya lau, wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari. Tafasasshen ruwa ba ya kashe ta, kuma hanta take ci a hankali. Abin nan yana tsaya min a rai, don tsofaffi ne suka fi sayen shayina.

Na gwajin ƙwayoyin cuta, ki kai ƙunshin da kika riga kika rufe kamar yadda zai je shago, kada ki buɗe a hanya. Ki rubuta sunan kaya, ranar haɗawa da lambar zubi (lambar da ke bambanta haɗi ɗaya da wani) a jiki. Ki ajiye irinsa ɗaya a gida a rufe, ko da wata magana ta taso daga baya.

Inda za ki kai: Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ghana, wato GSA, tana da ɗakunan gwaji a Accra, haka ma Cibiyar Binciken Abinci ta CSIR, wato majalisar binciken kimiyya da masana'antu ta ƙasa. Duk inda kika zaɓa, ki tambaya ko suna da shaidar ISO 17025, wato shaidar ƙwarewar ɗakin gwaji, a kan ainihin gwajin da kike so. Amma kafin ki biya ko sidi ɗaya, ki fara zuwa Hukumar Abinci da Magunguna, FDA, ki ji abin da suke buƙata ga irin kayanki, don su ne masu yin rajista a ƙarƙashin dokar lafiyar jama'a ta 2012. A 2020 sun fito da tsarin lasisi mataki-mataki domin ƙananan masu sarrafa abinci irinmu, ba sai kina da masana'anta ba.

Takardar sakamako tana da ban tsoro in ba a saba ba, amma kowane layi yana nuna wani wuri a aikinki. Danshi: suna auna nauyin ganyen, su gasa a tanda, su sake aunawa, abin da ya ragu ruwa ne. Toka: suna ƙone shi ƙurmus, su zuba wa tokar asid, abin da ya ƙi narkewa yashi ne da ƙasa, wato shanya a ƙasa ko rashin tankaɗe. Ga baƙin shayi, ma'aunin ISO 3720 bai yarda yashin nan ya wuce kashi 1 cikin 100 ba, kuma abin da ruwa ke tatsowa daga ganyen kada ya gaza kashi 32. In ya gaza, ko itace ya yi yawa ko an taɓa dafa ganyen. Masu sayo ganyen shayi da buhu suna ƙullawa, wannan layin naku ne. Ƙwayar cutar salmonela ana so a ce babu ita sam a giram 25. Gwajin fumfuna yakan ci kwana biyar ana renonta, don haka kada ki yi wa mai shago alkawarin gobe.

Dalma da maganin ƙwari daga gona da hanya suke zuwa. Zogalen bakin titi ko na kusa da bola, ki bar shi. Ki tambayi manominki abin da ya fesa da ranar da ya fesa. Ni ina bi da maganaɗisu a kan garin citta bayan niƙa, ranar farko da na ga baƙin ɓurɓushin ƙarfe ya manne masa, na daina kai kayana injin da ake niƙa masara da barkono.

Saura takardar jikin kwali. Dokar rubutun jikin kaya ta 1992 ta ce a rubuta da Turanci: suna, kayan haɗi, nauyi, ranar yi da ta ƙarewa, lambar zubi da adireshinki. Ni nakan ƙara Hausa a gefe domin mutanen zango. Kada ki rubuta cewa yana warkar da ciwon suga ko hawan jini, ko da wata ta rantse miki ya yi mata. Doka ta hana tallata maganin waɗannan cututtuka, kuma da zarar kin yi da'awar magani, kayanki ya fita daga layin abinci.

In kika canza wanda kike sayen citta a wurinsa, ko kika shanya a wani yanayi daban, ki sake kai samfur. Nawa na biyu a watan Janairu na kai, daga zubin da ya kwana huɗu a kan raga, ya ci gwajin.