Yadda Ake Binciken Salsalar Dangi a Gundumar Ulster, Tsohon Mazaunin Mutanen Holan a Jihar New York

Tun kafin a san wani birni mai suna New York, mutanen Holan ne ke riƙe da kogin Hudson. Kamfaninsu na fataucin ƙasashen yamma, wanda aka kafa a 1621, shi ke mulkin yankin da suke kira New Netherland, kuma shi ne dai kamfanin da ya ƙwace ganuwar Elmina ta Ghana daga hannun 'yan Fotugal a 1637. Ingila ta karɓe yankin a 1664, amma tuta kawai ta sauya. Harshen Holan, cocinsu da al'adarsu ta raɗa suna sun ci gaba fiye da shekara ɗari bayan haka.

Gundumar Ulster, mai hedkwata a Kingston, tana yammacin kogin, tsakanin birnin New York da Albany. Turawa sun fara zama a wurin a 1652, lokacin ana kiransa Esopus. A 1658 gwamna Peter Stuyvesant ya sa aka kewaye ƙauyen da shingen katako, a 1661 aka sa masa suna Wiltwyck, a 1669 Ingilishi suka mai da shi Kingston. Gundumar kanta an kafa ta a 1683. Takardunta na cikin mafi tsufa a Amurka, sai dai duk wanda ya shige su bai san yadda sunaye ke rikiɗa ba, zai ɗauko kakan wani ya ce nasa ne. Ga yadda ake bi.

Mataki na 1: Fara daga gida

Rubuta abin da aka tabbatar tukuna: sunan mutumin da ake nema wa asali, iyayensa, kakanninsa, inda aka haife su da inda aka binne su. Zauna da tsofaffin gidan, ka duba bayan tsofaffin hotuna da shafin farko na Littafi Mai Tsarki na iyali, domin a nan Amurkawan da suke rubuta haihuwa da mutuwa. Daga yau ake komawa baya, tsara bayan tsara. Kada ka fara da wani sanannen mutum na 1660 don sunanku ya zo ɗaya, kana neman hanyar da za ta sauko da shi gare ka.

Mataki na 2: Bi ƙidayar jama'a

Jihar New York ba ta fara rajistar haihuwa, aure da mutuwa ta bai-ɗaya ba sai wajen 1880, don haka ƙidaya ce tsaninka na farko. Ta tarayya ana yin ta duk shekara goma tun 1790, kuma ana sakin ta bayan shekara 72. Ta 1950 ta fito a 2022. Daga 1850 ne aka fara rubuta sunan kowane mutum mai 'yanci a gida. Kafin nan sunan maigida kaɗai za ka gani, sauran mutane adadi ne. Ta 1890 yawancinta ta salwanta sanadin gobarar 1921, amma jihar tana da tata ƙidayar: 1855, 1865, 1875, 1892, 1905, 1915 da 1925, ko da yake ba kowace shekara ce ta tsira a kowace gunduma ba. Ta 1855 tana da daraja ta musamman, don tana faɗin gundumar da aka haifi mutum a cikin jihar. Shafin intanet na FamilySearch na ba da yawancin waɗannan kyauta, shafin Ancestry kuwa sai da kuɗi.

Mataki na 3: San inda iyaka take a lokacin

Ulster ta da ta fi ta yau girma nesa ba kusa ba. An yanki ƙasarta an kafa gundumar Delaware a 1797, an ba Orange wani sashe a 1798, an yi Greene a 1800, Sullivan a 1809. Iyali na iya zama a gona ɗaya shekara hamsin, takardunsu su rabu a gundumomi biyu. Takarda tana nan a hedkwatar gundumar da ke riƙe da wurin ranar da aka rubuta ta.

Mataki na 4: Koyi sunayen kafin ka buɗe tsofaffin littattafai

A nan ne aikin yake, kuma a nan Bahaushe ya fi Ba'amurke saurin ganewa. Yadda Musa ɗan Garba ke zama Musa Garba, ɗansa Sani kuma ya zama Sani Musa, wani ma ya ɗora sunan garinsu kamar Malam Aminu Kano ko Shehu Shagari, haka mutanen Holan na ƙarni na 17 suke yi. Jan ɗan Pieter shi ne Jan Pietersen, ɗansa Hendrick kuma Hendrick Jansen. Marubuta kan taƙaita ƙarshen su rubuta Pietersz ko Pieterse. "Van" na nufin "daga", sai sunan gari ya biyo baya. Wasu da sana'a aka san su: Kuyper mai yin ganga ne, Smit maƙeri. A ƙarƙashin mulkin Ingila ne sannu a hankali kowane gida ya tsaya a kan suna ɗaya, kuma ya faru 'yan'uwa ciki ɗaya suka ɗauki sunaye daban-daban.

Dubi Tjerck Claessen De Witt, ɗaya daga cikin mazaunan Wiltwyck na farko, wanda zuriyarsa ta kai ga mahaifiyar gwamnan New York DeWitt Clinton. Sunansa kaɗai ya gaya maka mahaifinsa Claes ne. A wata takarda za ka same shi Tjerck Claessen kawai, babu De Witt. Wanda ke neman De Witt a jerin sunaye zai wuce shi bai sani ba.

Sunayen yanka ma suna da tagwaye a Turanci. Jan shi ne John, Hendrick Henry, Jacobus James, Teunis Anthony. Grietje ita ce Margaret, Tryntje Catherine, Neeltje Cornelia. Mace ɗaya aka yi mata baftisma a matsayin Tryntje, ta mutu a matsayin Catherine. Rubuta duk surar da suna zai iya ɗauka a takarda ɗaya, ka ajiye ta kusa.

Abu biyu za su taimake ka ƙwarai. Na farko, mace ba ta rasa sunan gidansu a littafin coci ko bayan aure. Na biyu, akwai al'adar yi wa kakanni takwara: 'ya'ya maza biyu na farko sukan ci sunan kakanninsu maza, mata biyu na farko sunan kakanninsu mata. In yaro ya rasu, sau da yawa wanda ya biyo baya ya gaji sunansa. Saboda haka in ka ga Pieter biyu a gida ɗaya, tsakaninsu shekara uku, mai yiwuwa na farkon bai rayu ba. Al'ada ce dai, ba doka ba. Tana nuna maka inda za ka duba, ba ta isa hujja ita kaɗai ba.

Mataki na 5: Shiga littattafan coci

Tsohuwar cocin Holan ta Kingston an kafa ta a 1659, fastonta na farko Hermanus Blom ya iso a 1660, kuma daga wannan shekara rajistar baftisma da aure ta fara. Roswell Randall Hoes ya kwafe ta daga 1660 zuwa 1809 ya buga a 1891, littafin yana intanet kyauta. Abin mamaki ne samun irin wannan rajista a garin da sojojin Birtaniya suka ƙone ranar 16 ga Oktoba 1777, lokacin yana babban birnin sabuwar jihar.

Kowane layin baftisma na ɗauke da sunan uba, uwa, jariri da shaidu. Kada ka tsallake shaidun. Galibi kakanni ne, ko baffanni, kawunnai da gwaggwanni, kuma in ka jera shaidun dukan 'ya'yan gida ɗaya, dangin uwa da na uba za su fito fili. A rajistar aure kuwa, "j.m." na nufin saurayin da bai taɓa aure ba, "j.d." budurwa, kuma sau da yawa ana faɗin garin da aka haifi kowannensu. Ga waɗanda suka zo daga Turai, wannan layi ɗaya shi ne gadar tsallaka teku.

A shekarun farko iyalai daga nesa sukan kawo jarirai Kingston, don haka baftisma a can ba ta nufin a can suke zaune. Daga baya ƙauyuka irin su Marbletown, Rochester da Shawangunk suka sami nasu cocin. New Paltz kuwa Furotesta masu jin Faransanci ne suka kafa ta a 1678, gidajen DuBois, Hasbrouck, Deyo, Bevier, LeFevre, Freer da Crispell. Rajistarsu ta fara da Faransanci, ta koma harshen Holan, ta ƙare da Turanci. Cibiyar Historic Huguenot Street da ɗakin karatu na Elting a garin suna riƙe da takardun waɗannan gidaje.

Ka lura da kwanan wata. Holan ta riga Ingila komawa sabuwar kalanda, Ingila ba ta koma ba sai 1752, kuma kafin nan shekararta ta hukuma daga 25 ga Maris take farawa. Bambancin kwana goma ko sha ɗaya tsakanin takardu biyu, ko na shekara guda a watan Fabrairu, ba lallai kuskure ba ne.

Mataki na 6: Kotu, gado da gonaki

Coci ta ba ka sunaye, kotu ce za ta ba ka mutanen. Ofishin magatakardan gundumar a Kingston na adana takardun kotun Wiltwyck da harshen Holan: rigimar bashi, cinikin gona, yarjejeniyar aure, rabon gadon marayu. Dingman Versteeg ya fassara su, an buga su da sunan Kingston Papers. Takardun cinikin filaye ma suna wannan ofishi, kuma a cikinsu ake samun magada sun jeru da sunayensu suna sayar da gonar mahaifinsu.

Kotun gado ta gunduma ta fara aiki a 1787. Wasiyyun da suka girmi haka yawancinsu a birnin New York aka yi musu rajista. Za ka ci karo da littafin wasiyyun Ulster na 1906 wanda Gustave Anjou ya tattara. Ka yi hattara: daga baya an gano mutumin ya ƙirƙira wa iyalai da dama salsalar ƙarya don kuɗi. Yi amfani da littafin ya nuna maka hanya, sannan ka nemi ainihin wasiyyar. Haka za ka yi da bishiyoyin nasaba da mutane ke ɗorawa a intanet, waɗanda yawanci kwafar juna suke yi har da kurakuran. Ni dai ba na haɗa uba da ɗa sai takardu biyu masu zaman kansu sun yarda.

Takardun gwamnatin mulkin Holan suna ma'adanar tarihi ta jiha a Albany, kimanin shafi 12,000, wasu da ƙunar gobarar majalisa ta 1911 a gefensu. Charles Gehring ya soma fassara su a 1974, kuma cibiyar New Netherland Institute ta sa da yawa a shafinta. Ƙungiyar Holland Society ta 1885 da New York Genealogical and Biographical Society ta 1869 sun buga bincike a kan ɗaruruwan gidaje. Tsofaffin jaridu suna shafin NYS Historic Newspapers, hotunan kaburbura a shafin Find a Grave. Dokar jihar tun 1919 ta tanadi kowane gari ya naɗa masanin tarihinsa, kuma wasiƙa ɗaya zuwa gare shi takan rage maka wahala mai yawa.

Mataki na 7: In zuriyar ta bayi ce

Gonakin alkamar Ulster da gumin 'yan Afirka aka noma su. Ƙidayar 1790 ta nuna bayi kimanin 2,900 a gundumar, wato kusan mutum ɗaya cikin goma. Jikokinsu na da haƙƙin sanin asalinsu kamar kowa, sai dai hanyarsu ta fi wuya, domin ƙidaya ba ta rubuta sunan bawa. Dole ka gano gidan da ya mallake shi, ka bi takardun wannan gida: wasiyya, lissafin dukiyar mamaci, takardar ciniki, sanarwar gudun bawa a jarida. Akwai ƙidayar bayi ta 1755 da ta ambaci iyayengiji a garuruwan Ulster, a wasu wuraren har da sunayen bayin.

Dokar 1799 ta buɗe wata ƙofa. Ta ce duk ɗan baiwar da aka haifa bayan 4 ga Yuli na shekarar ɗa ne, amma zai yi wa ubangidan uwarsa aiki har shekara 28 in namiji ne, 25 in mace ce, kuma dole a rubuta haihuwarsa wurin magatakardan gari. Waɗannan littattafai na ba da sunan jariri, ranar haihuwa, sau da yawa da sunan uwa. Bauta ta ƙare a jihar ranar 4 ga Yuli 1827, don haka daga ƙidayar 1830 za ka ga ƙarin magidanta baƙaƙe da sunayensu, wasu ɗauke da sunan gidajen Holan da suka bauta wa.

Sojourner Truth, shahararriyar mai fafutukar kawar da bauta, 'yar wannan gunduma ce. An haife ta wajen 1797 a hannun gidan Hardenbergh, sunanta Isabella, kuma harshen Holan ta fara ji kafin Turanci. A 1828 ta yi nasarar ƙwato ɗanta Peter ta hanyar shari'a bayan an sayar da shi zuwa Alabama ba bisa doka ba. Takardun shari'ar sun kwanta a ma'adanar jiha har 2022 kafin a gano su, a ƙarƙashin sunan Isabella Van Wagenen. Darasin ga mai bincike a fili yake: nemi mutum da sunan da yake amsawa a shekarar da aka rubuta takardar.

Mataki na 8: Tsallaka zuwa Turai

Kada ka yi wannan sai kana da sunan gari daga wata takarda ta Amurka. Ka kuma sani ba duk mazaunan New Netherland ne 'yan Holan ba. Akwai Jamusawa, 'yan Norway da Denmark, da masu jin Faransanci. Yawancin takardun tsohon kamfanin an sayar da su a matsayin shara a 1821, shi ya sa jerin fasinjojin jiragen ruwa bai cika ba. Abin da ya fi amfani shi ne ma'adanar birnin Amsterdam, inda rajistar sanarwar aure ke faɗin shekarun ango da amarya, garinsu da wanda ya rako su, ga kuma takardun lauyoyin shaida inda ma'aikata suka sa hannu a kwangila kafin su hau jirgi. Shafin WieWasWie ya tattara rajistocin larduna da dama. A can ma ka nemi sunan yanka haɗe da na uba, Tjerck Claessen ko Jan Pietersen, domin sunan gidan da zuriyar ke amsawa yau sau da yawa a bakin kogin Hudson aka fara rubuta shi.