Darasi na Bakwai: Tsutsar Ciki da Maganinta

Tsutsar ciki, wadda wasu ke kira macijin ciki, tana zaune a hanjin mutum tana cin abincin da ya kamata ya gina jikinsa. Babbarta takan kai tsawon santimita 30, kuma mace guda tana iya saka ƙwai kusan 200,000 a rana. Ƙwayayen suna fita tare da bayan gida, ido ba ya ganinsu, suna kuma daɗewa a ƙasa mai laima ba su mutu ba.

Wasu iyaye kan ce shan zaƙi ne ke kawo ta, amma ba haka ba ne. Daga ƙasa ƙwan yake komawa baki. Yaron da ya yi wasa a tsakar gida inda ƙaninsa ya tsuguna, sannan ya sa hannu a kwanon tuwo bai wanke ba, yana iya haɗiye shi, haka ma wanda ya ci latas ko karas da aka kawo daga lambun fadama ba a wanke su sosai ba. Akwai kuma wata ƙaramar tsutsa mai huda fatar ƙafar manomin da ba ya sa takalmi, ta isa hanji ta riƙa tsotsar jini.

Alamomin tsutsar ciki su ne ciwon ciki, da kumburinsa, da rama, da kasala, ko da yake mutane da yawa suna ɗauke da ita ba su ji komai ba.

Maganin ba shi da tsada. Ƙwayar albendazol guda mai miligiram 400 ake taunawa sau ɗaya, yaro mai shekara 1 zuwa 2 kuwa rabi ake ba shi. Ba a ba mai juna biyu a watanni 3 na farko, don haka a tambayi ma'aikacin lafiya kafin a saya a kemis. Idan cikin yaro ya kumbura, yana amai, bayan gida ya ƙi fita, a garzaya da shi babban asibiti kamar na koyarwa da ke Shika kusa da Zariya, domin tsutsotsi kan dunƙule su toshe hanji.

Abin da ya fi damun ma'aikatan lafiya shi ne dawowarta, domin maganin yana kashe na ciki ne kawai, ba ya taɓa ƙwan da ke tsakar gida. Saboda haka a duba duk yaran gidan tare, a zubar da fo ɗin yara a masai nan take, a yanke musu farce, kowa kuma ya wanke hannu da sabulu, ko da toka in babu sabulun, bayan fitowa daga ban ɗaki da kafin cin abinci.